An tsare ƙanena kan wayar da ya saya: in biya kuɗin beli ko in bari a je kotu?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba ni shawara, kaina ya kulle. A Kano muke. Ƙanena tela ne, shekararsa 22. Wata uku da suka wuce ya sayi waya ta hannu dubu 45 a wurin wani yaro da ke kawo ɗinki shagonsu. Ba rasit, ba kwali, amma ta banki ya tura masa kuɗin, shaidar tana nan. Ranar Alhamis da la'asar 'yan sanda suka zo har shago suka tafi da shi, wai an yi tirakin, wato an bi sawun wayar da na'ura, ta sata ce. Yau Asabar, kwanansa biyu a bayan kanta. Ɗan sandan da ke riƙe da maganar ya ce in kawo dubu 80 na beli. Mai wayar kuma yana neman dubu 120, wai kuɗin tirakin da wahalar da ya sha, alhali wayar ga ta nan lafiya lau. In ba haka ba, Litinin kotu. Dubu 60 ce kawai a hannuna, ita ma ta haya ce. Yaron da ya sayar ya kashe layinsa, amma mun san unguwarsu. Mahaifiyarmu tana da hawan jini, ce mata muka yi ya tafi Wudil kai ɗinki. In nemo bashi in biya, ko in sa dubu sittin ɗin a lauya, ko in bari a je kotu tunda muna da gaskiya?

Ɗan Kurna:
Beli kyauta ne. A jikin bangon ofishin ma an rubuta. Kar ka ba su ko sisi.

Maman Ilham:
Allah ya fitar da shi lafiya. Ku nemo rasit ɗin ku kai musu, shi ke nan magana ta ƙare.

Sani Mai Taya:
Maman Ilham, ai ya ce ba rasit. Abban Sadik, ni bara aka yi min irin wannan a kan janareta. Dubu 50 suka fara cewa, na zauna a benci tun azahar har isha'i ina ba su haƙuri, a dubu 15 muka rabu. Ka je da dubu 20 a aljihun gaba, sauran ka bar su a gida. In suka ga ba ka gaggawa za su sauko.

Umar Faruk:
Dubu 15 a wace shekara? Mu watan jiya dubu 100 cas muka ajiye a kan ɗan yayata, kuma babur ne kawai aka ce ya ba wa aro.

Auwal Ɗan Sanda Abokin Kowa:
Tela ne fa. Ku ce ya ɗinke musu kaki kala bibbiyu a yafe juna 😂

Hajiya Binta:
Auwal, ka ji tsoron Allah. Mutum ƙaninsa na kwana a kan siminti kai kana raha.

Abban Sadik, ɗana, zan gaya maka abin da ya same mu, ka yi abin da ka ga ya fiye maka. Duk wanda ya ce maka "a je kotu, ai kuna da gaskiya" bai taɓa bin motar gidan yari da ido ba. A farkon 2021 aka kama ɗan mijina, ni na raine shi tun yana shekara huɗu. Waya ce shi ma, dubu 28 ya saya. Suka nemi dubu 40. Mahaifinsa mutum ne mai taurin kai a kan gaskiya, ya rantse ba zai ba da cin hanci a kan ɗan da bai yi sata ba. Muka ce to.

Ranar da aka kai su kotun majistare aka karanta takardar ƙara, sai muka ji ana cewa haɗa baki da fashi da makami. Ashe da wuƙa aka ƙwace wayar a hannun mai ita, an yanke shi a hannu. Aka haɗa yaronmu da wasu mutum biyu da bai taɓa gani ba a takarda ɗaya. Alƙali ya ce ba shi da hurumin sauraron fashi, ba zai iya ba da beli ba, a kai su gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Ko minti goma ba a yi ba. Ban ma gane an gama ba sai da na ga ana tura su waje.

Bayan sati uku ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki, watan Afrilu. Wata biyu kotuna a kulle a duk ƙasar. Azumin shekarar nan kullum sai na dafa na ɗauka na je na bi layi, a sa ni in ɗanɗana abincin kafin a karɓa. Da aka buɗe kotu, yau a ce fayil bai dawo ba, gobe a ce ba motar da za ta kawo su, jibi mai gabatar da ƙara ya tafi kwas. Mun sayar da keken saƙata, mun sayar da filin da mahaifinsa ya saya a Gezawa. Lauya na farko ya karɓi dubu 70 ya zo sau biyu bai ƙara ɗaga waya ba. Wata goma sha huɗu yaron nan ya yi. Ƙarshe takarda ta fito cewa ba shi da hannu, a sake shi. Ya fito jikinsa duk ƙazuwa, da tari da sai da muka yi wata shida muna karɓar magani. Mahaifinsa bai ga fitowarsa ba, ya rasu saura wata biyu. Har yau in ya ji jiniya sai ya tashi ya shiga ɗaki. Dubu 40 fa. Ni da na san haka ne, da ɗan kunnena zan cire a ranar.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, wallahi na yi kuka. Allah ya jiƙan Alhaji, ya saka muku.

Umar Faruk:
Allah ya jiƙansa. Hajiya, ba ku nemi diyya ba? Wata goma sha huɗu a banza?

Hajiya Binta:
Diyya a wurin wa, ɗana? Da wane kuɗin za mu sake shiga kotu? Mun bar wa Allah.

Barista A.:
Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Abin da kika faɗa gaskiya ne, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. An sauya wa hukumar suna a 2019 ta koma ta gyaran hali, amma wannan matsalar tana nan.

Sai dai Abban Sadik, kar labarin ya sa ka yi gaggawa ba ka san inda kake ba. Tambaya ɗaya ce a gabanka yanzu: yaya wayar ta bar hannun mai ita? In sace ta aka yi ko faɗuwa ta yi, abin da za a iya tuhumar ƙaninka da shi shi ne karɓar kayan sata, sashe na 317 na Penal Code, wato kundin dokokin laifuka. Majistare na da hurumi, ana ba da beli, kuma sai an nuna ya sani ko yana da dalilin zaton kayan sata ne. Wanda ya tura kuɗi ta banki da sunansa ya kuma sa layinsa a wayar wata uku, ba haka mai ɓoye kayan sata ke yi ba. In kuwa da makami aka ƙwace ta, to hanyar da Hajiya ta bi ce, kuma ka tuna a 2023 gwamnatin Kano ta ce za ta ɗauki ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Ka je ka tambayi mai wayar da kanka, cikin lalama.

Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce in akwai kotu a cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne a kai mutum gabanta. Ya kuma ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya. Ka gaya masa kar ya sa hannu a bayanin da ba a karanta masa ba. Ka fitar da takardar banki. In ba ka da kuɗin lauya akwai Legal Aid Council, suna da ofis a Kano, ba a biya. 'Yan sanda kuma suna da sashen karɓar koke a kan jami'ansu tun 2015.

Tsohon Kofur:
Barista, da girmamawa, karatu kake. Shekara 31 na yi a kaki. Ranar da lauya ya shigo yana jero sashe-sashe, ranar ake rubuta takardar ƙara a kai kotu, don kowa ya wanke hannunsa. Abban Sadik, ka ɗauki mai unguwarku da limami da ubangidan yaron na shago, ku nemi ganin DPO kai tsaye, ku tsallake mai binciken. Ku ce za ku nuna gidan wanda ya sayar. Abin da ake so ke nan, ɓarawon. In mai ƙara ya ce ya janye, rabin aiki ya ƙare. Kuɗin tirakin kuwa gaskiya shi ya biya daga aljihunsa, ba a ba ofis kuɗin wannan, ko man mota sai mai ƙara ya zuba. Ku rage masa wani abu.

Ɗan Kurna:
Baba Kofur, ku ne kuka lalata aikin ai, yanzu kuma ku ne masu ba da shawara? Wanda ya ci kuɗin beli shekara talatin shi zai koya mana?

Tsohon Kofur:
Yaro, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Ka taɓa fitar da mutum daga sel ko sau ɗaya? In ba ka taɓa ba ka bar waɗanda suka taɓa su yi magana.

Sani Mai Taya:
Ni dai da Baba nake. Lauyoyin nan kafin ya taka zuwa caji ofis dubu 50, kuma belin ma sai ka biya.

Barista A.:
Ni dubu 20 nake karɓa zuwa ofishin 'yan sanda, wani lokacin kuɗin mai kawai. Kuma ban ce kar a je da dattawa ba. Cewa na yi a san abin da aka rubuta tukuna. Na ga wanda ya biya beli ya koma gida, bayan sati biyu aka sake ɗauko shi, don ba a rufe komai ba.

Umar Faruk:
Namu lauyan dubu 150 ya ce. Barista ka ajiye lamba kawai.

Zainab Gwale:
Ko a kotun aka ba da beli wahala ce. Mu cewa aka yi mu kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 da mai takardar fili. Na ce ni zan tsaya wa ƙanena, magatakarda ya ce mace ba ta tsayawa. Sai wani da ke zama a bakin kotu muka ba dubu 30 ya tsaya.

Barista A.:
Malama Zainab, ba daidai ya gaya miki ba. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsaya wa wani don mace ce.

Nura Injiniya:
Ni abin da ke ba ni haushi, kowa tausayin mai saye yake. Mu da aka ƙwace wa fa? An tare ni a cikin adaidaita da magariba, har yanzu yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa. Ni na biya tirakin dubu 35, ni na sa mai, aka kamo mai saye, kwana ɗaya aka sake shi. Wayar da ake sayarwa sama da dubu 100 ka saye ta dubu 45 ba kwali, ka ce ba ka sani ba? Da ba masu saye da ba masu ƙwace.

Hajiya Binta:
Nura, Allah ya ba ka lafiya. Amma yarona bai yanki kowa ba.

Kabiru Mai Waya:
Injiniya, ka faɗi gaskiya rabi. Ni a kasuwar waya ta Farm Centre nake. Duk wanda ya kawo min waya sai na ɗauki hotonsa riƙe da ita, da katin shaidarsa, na rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata, a littafi. Mai saye ma ina rubuta masa lambar a rasit. Ku danna *#06# ku gwada da abin da ke jikin rasit kafin ku biya. Matsalar mutane ba sa son zuwa shago, sun fi son ta bayan layi saboda rangwamen dubu goma.

Nura Injiniya:
To tawa a hannun mai shago aka same ta, da rasit ɗinsa da hatimi. Rasit ɗin da ake bugawa bandir guda a ba yaro ya cike? Ku fara tsabtace kasuwarku.

Kabiru Mai Waya:
Wace kasuwar? Ka faɗi shagon in a wurinmu ne, muna da shugabanni. Kar ka yi mana kuɗin goro.

Abban Sadik:
Na gode 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Yanzu na dawo daga kai masa abinci. Mai unguwa ya ce sai gobe bayan azahar. Na sami mai wayar, ya ce a aljihu aka zare masa a wurin ɗaurin aure, amma ɗan sandan ya ce min a bayaninsa "ƙwace" ya rubuta, kuma ya ƙi nuna min. Kuɗin belin ya sauko dubu 60, kamar ya san abin da ke hannuna. Barista, ina da ikon ganin bayanin? Kuma Umma ta fara tambaya me ya sa wayarsa a kashe.

Nura Injiniya:
Kabiru, ba sai na faɗi suna ba, ku kun san masu cire lambar waya su sa wata. Nawa ake biya a yi wannan aikin? Ka faɗa wa mutane.

Kabiru Mai Waya:
Masu gyara daban, masu sayarwa daban. Ni ko sukundireba ba na riƙewa. Ka je ka tambayi waɗanda ke zama a ƙarƙashin lema.