RabbitMQ ko Kafka don layin saƙonnin oda?

Ɗan Kasuwa: Jama'a, manhajar karɓar oda ce, saƙo kusan 50 a daƙiƙa. Tsakanin RabbitMQ da Kafka, manhajojin da ke riƙe saƙonni a layi har a yi aiki da su, wanne ya fi dacewa?

Injiniya: RabbitMQ ya ishe ka, malam. Sa quorum queue (layin da ake ajiye kwafinsa a sabar fiye da ɗaya) a kan sabar uku, ka kunna publisher confirms (tabbacin da RabbitMQ ke ba mai aikawa cewa saƙo ya iso). Auto-ack kuwa (ɗaukar cewa an gama da saƙo da zarar an miƙa wa manhajar) ka kashe shi, don in manhajar ta faɗi tana tsakiyar aiki, saƙon ya tafi ke nan. Prefetch (yawan saƙonnin da za a miƙa wa manhajar kafin ta tabbatar ta gama da su) ka tsayar da shi kamar 20.

Mai Sabar: Kafka sai in kana son sake karanta tsofaffin saƙonni, yana riƙe su kwana 7 in ba ka canza ba. Amma Kafka na raba saƙonni kashi-kashi (partition), kuma cikin partition ɗaya kaɗai suke bin layi, don haka lambar oda ta zama key (abin da ke zaɓar partition ɗin da saƙo zai shiga).

Injiniya: Kowanne ka ɗauka, saƙo kan zo sau biyu. Adana lambarsa, ka duba ko ya riga ya zo kafin a cire kuɗi.