Neman kalma: yaya za mu ce "non-violence" da Hausa?

Mai_Fassara: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe za mu naɗi shirin rediyo kan 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Gandhi, jagoran gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa aƙidar "non-violence" tun 2007. Na sa "rashin tashin hankali", amma bai zauna mini ba.

Alƙalami: Ba zai zauna ba, Malama. Wanda ɗansa ya ɓata ma yana cikin tashin hankali. Asalin kalmar daga Sanskrit ne, tsohon harshen Indiya, wato ahimsa: "a" na korewa, "himsa" cutarwa. Mabiya addinin Jain sun raba ta uku: kada ka cutar da hannu, ko da baki, ko a zuci. Zagi da ƙullata duk suna ciki. Ki sa "ƙin cutarwa". "Rashi" abu ne da ya samu mutum, "ƙi" kuwa da gangan ake yi.

Gwanin_Nahawu: Ya yi tsawo. Ni na daɗe ina cewa "bancuta".

Alƙalami: Haba Malam! Ban tsoro, ban haushi, ban dariya: "ban" bayarwa ce. Ka ƙirƙiro akasin abin da ake nema.

Gwanin_Nahawu: To "barcuta".

Uwar_Ɗalibai: Mai sauraro zai zaci shirin kiwon lafiya ne. A fagen siyasa muna da "lumana". Tattakin gishiri da Gandhi ya jagoranta a 1930, daga Sabarmati zuwa Dandi a Indiya, karya dokar gishiri ta Turawan Ingila aka yi ido na ganin ido, ba a ɗaga sanda ba. Wannan gwagwarmayar lumana ce. Kada dai a ce "haƙuri", don masu tattakin ba zama suka yi ba. Kuma a 1922, da masu zanga-zanga suka ƙone ofishin 'yan sanda a garin Chauri Chaura, Gandhi dakatar da gwagwarmayar ya yi baki ɗaya.

Gwanin_Nahawu: Lumana Larabci ce. Sai yaushe za mu daina ara?

Uwar_Ɗalibai: Hankali ma daga Larabci yake, ranka ya daɗe. Ka mayar musu?

Mai_Fassara: Lokaci ya ƙure. "Ƙin cutarwa" ga aƙidar, "gwagwarmayar lumana" ga tattaki da ƙaurace wa kayan Turawa. Sunan ranar kansa har yanzu ban samu ba.

Gwanin_Nahawu: Ki sa. Amma "barcuta" na nan a littafina.