Tseren zango takwas na mako mai zuwa: wa zan saka a gurbi biyun da suka rage?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu riƙe da ƙungiyoyi a wannan wasa na tseren keke na intanet. Ranar Lahadi mai zuwa ce za a fara tseren nan mai zango takwas wanda aka tsara a kan fasalin Paris–Nice na ƙasar Faransa, kuma wannan ne karo na farko da ƙungiyata ta samu shiga tun da na hau rukuni na biyu. Yau kwana uku ke nan ina duba taswirar hanyar a wayata bayan sallar isha'i, amma har yanzu ban tsai da shawara a kan mutum biyun ƙarshe ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Ga yadda na karanci hanyar. Zango biyun farko fili ne shimfiɗaɗɗe, sai dai na biyun ya fi tsawo, kilomita 188, kuma an sa masa alamar iska. Na uku tseren agogo ne na kilomita 14, inda kowa zai fita shi kaɗai. Daga na huɗu zuwa na shida hanya ce mai hawa da sauka, irin wadda masu ɓallewa daga ayari kan kai labari a cikinta. Zango na bakwai shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin a kan dutse zai ƙare bayan hawa na kilomita 15 wanda ba shi da wurin numfasawa, sannan na takwas gajere ne, kilomita 110 kacal, amma da tuddai biyar a jere kafin a gangara zuwa bakin teku.

Mutum bakwai ake ba kowace ƙungiya, kamar yadda ake yi a tseren gaske na mako guda. Madugun ƙungiyata gwanin hawa ne mai shekara 26, makinsa na hawan dutse 78, na tseren agogo 70, na fili kuma 67, kuma kaka biyu na yi ina renonsa domin irin wannan rana. Na riga na zaɓa masa mataimaka huɗu, biyu na dutse, biyu kuma masu ɗan taɓa kowane fanni. Mutum uku ne ke neman gurbi biyun da suka rage: wani matashin mai hawa wanda jikinsa yake a kan ganiya a yanzu, da mai gudun ƙarshe wanda ya ciyo mini zango biyu a watan jiya, da wani ƙaton tsohon ɗan tsere mai shekara 34 wanda ba ya hawa ko kaɗan amma makinsa na fili 79 ne. Zuciyata ta fi karkata ga matashin da mai gudun, domin ina ganin a zango na bakwai za a yi ta ta ƙare. Shin wannan karatun daidai ne, kuma ta yaya zan raba ƙarfin madugun a kwanaki takwas ba tare da gajiya ta cim masa kafin dutsen ba?

Baban Arkilla:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na karanta bayaninka sau biyu, kuma abin da na lura shi ne, ka ambaci alamar iskar da ke kan zango na biyu ka wuce ta da sauri, alhali kuwa a nan ne hatsarin ƙungiyarka yake. A kan dutse madugu mai maki 78 zai iya rasa daƙiƙa ashirin ko talatin ga wanda ya fi shi, amma idan iskar gefe ta yanka ayari gida uku yana can baya, mintoci zai rasa, kuma babu dutsen da zai mayar masa da su.

Bari in faɗa maka yadda abin yake a jiki, domin na yi shekaru ina taka keke daga cikin garin Sakkwato zuwa Dange a lokacin hunturu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hanyar kuma kudu maso gabas ta nufa, saboda haka a kafaɗar hagu take dukan mutum idan zai tafi. Idan iska daga gaba take, sai ka liƙe a bayan abokin tafiyarka ya tare maka ita, kuma masana sun nuna cewa wanda ke baya yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Amma idan daga gefe take, bayansa ba ya yi maka amfani, dole ka koma damansa kaɗan, na bayanka ma ya koma damanka, har layin ya karkace ya cinye faɗin titi. Da zarar titi ya ƙare, wanda bai samu wuri a layin ba sai ya tsinci kansa a bakin kwalta iska na dukansa shi kaɗai, ƙura na shiga masa ido, yana kallon tazarar taku biyu ta zama taku goma. Na ga wannan da idona mu shida kawai, balle ayarin mutum ɗari da hamsin.

A tseren gaske ma haka yake. A Tour de France na 2013, a zango na 13 da ya ƙare a Saint-Amand-Montrond, Alejandro Valverde yana na biyu a jimillar lokaci, sai ƙafar kekensa ta baya ta samu matsala daidai lokacin da iska ke yanka ayari, kuma kafin a isa ya rasa kusan minti goma. A wannan ranar kuma Chris Froome, wanda ke sanye da riga mai ruwan ɗorawa ta wanda ke kan gaba a jimillar lokaci, ya rasa sama da minti guda ga rukunin Alberto Contador, alhali a taswira zangon fili ne da ake tsammanin babu abin da zai faru a cikinsa. Paris–Nice kuwa an san shi da wannan tun da daɗewa, domin a watan Maris ake yin sa, kuma kwanakin farko a buɗaɗɗun gonakin kudu da Paris suke ratsawa.

Saboda haka ƙaton nan mai shekara 34 shi ne mutum na farko da zan rubuta sunansa, tun kafin in yi tunanin sauran biyun. Ka ba shi umarni guda ɗaya a zango biyun farko, wato ya tsare madugu a sahun gaba, kada ka bar shi ya bi 'yan ɓallewa ko ya ja ayari. Idan ya kai maka madugun tseren agogo ba tare da ya rasa ko daƙiƙa ɗaya ba, ya gama aikinsa, ko da daga baya dutse ya kayar da shi a wajen ƙa'idar lokaci. Masu hawa uku ba za su amfane ka da komai ba a ranar Asabar idan tun ranar Litinin an bar madugunsu da tazarar minti biyu.

Na Runjin Sambo:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da ku a kan ƙaton, kuma zan ƙara da shaida daga cikin wasan kansa, domin hanyar Dange daban, lissafin kwamfuta daban. A kakar da ta wuce na buɗe rahoton kowane zango mai alamar iska a rukuninmu, na ga cewa ba kullum ayari ke tsagewa ba, amma duk ranar da ya tsage, waɗanda ke da ƙarancin makin fili kuma ba su da mai kare su ne ake bari a baya. Madugu mai maki 67 yana cikin waɗannan, don haka maganarku ta tabbata.

Inda na saɓa wa ɗan'uwana Ɗan Mabera shi ne zatonsa cewa zango na bakwai ne zai raba gardama. Tarihin tseren da aka kwaikwaya, wato Paris–Nice, bai nuna haka ba. A 2016 Geraint Thomas ya ci shi da tazarar daƙiƙa 4 a kan Contador, a 2017 Sergio Henao ya ci da daƙiƙa 2 kacal, shi ma a kan Contador, a 2018 kuma Marc Soler ya ƙwace rigar daga hannun Simon Yates a ranar ƙarshe da daƙiƙa 4. A 2021 Primož Roglič ya shiga zangon ƙarshe yana kan gaba bayan ya ci zango uku, sai ya faɗi sau biyu a ranar, Maximilian Schachmann ya tafi da tseren. Gajeren zango mai tuddai a jere ba ya barin ƙungiya ta huta ta sake haɗa kanta, shi ya sa madugun da mataimakansa suka ƙare tun jiya yakan wayi gari shi kaɗai a tsakiyar abokan hamayya. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin matashin mai hawa ya cancanci gurbi na bakwai, da sharaɗin ka ajiye shi domin ranar Lahadi ta ƙarshe. Ka sa shi a mafi ƙarancin ƙoƙari daga zango na ɗaya har na shida, ya rasa lokaci idan ya ga dama, domin ba lokacinsa kake nema ba.

Game da raba ƙarfin madugu kuwa, ni a ganina kwana uku ne kawai ya kamata ka buɗe masa wuta: tseren agogo, da zango na bakwai, da na takwas. A tseren agogo babu dabara, ka sa shi a iyakar ƙoƙari, tunda kilomita 14 ba za su tara masa gajiya mai yawa ba, kuma da maki 70 zai yi asarar da za a iya jurewa. A zango na biyu ka sa shi a matsakaici sama kaɗan, saboda tsayawa a sahun gaba ma yana cin ƙarfi. Sai ka lura da ladar daƙiƙoƙin da ake ba na ɗaya da na biyu da na uku a ƙarshen kowane zango, wato 10 da 6 da 4, domin idan zango na shida ya ƙare da ɗan gajeren hawa kamar yadda taswira ta nuna, kuma aka kamo 'yan ɓallewa, daƙiƙa huɗun da zai tsinta a nan za su iya zama bambancin matsayi na biyar da na uku.

Mai gudun ƙarshen kuwa ka bar shi a gida wannan karon, ko da yake na san abin zai yi maka ciwo. Mai gudu ba ya cin zango shi kaɗai a wannan rukunin, yana buƙatar aƙalla mutum biyu da za su ja shi zuwa mita ɗari biyun ƙarshe, kuma mutanen da za su yi masa wannan aikin su ne waɗanda kake so su kare madugu. Lokacin da Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a Tour de France na 2024, ƙungiyarsa a kansa ta ɗora nauyinta, ba ta raba hankalinta biyu ba.

'Yar Gawon Nama:

Malam Ɗan Mabera, ba ni da abin ƙarawa a kan zaɓin mutane, sai dai ina so in ja hankalinka ga lokacin rufe shigar da dabaru, domin shi ne ya kayar da ni a bara. Agogon wasan na tsakiyar Turai ne, wanda yake daidai da namu na Najeriya a lokacin sanyinsu, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris sukan tura shi gaba da awa guda har zuwa ƙarshen Oktoba. Ka duba da kyau ko ranakun tseren sun faɗa kafin canjin ko bayansa. Ni na ɗauka ina da sauran awa ɗaya, ga shi kuma an ɗauke wuta tun rana wayata ta mutu, kafin in karɓo ta daga shagon caji an riga an rufe, sai ƙungiyata ta shiga zangon dutse da umarnin zangon fili, madugu na can yana ajiye ƙarfi sauran suna tafiya. Tun daga ranar nake cika dabarun zango takwas ɗin gaba ɗaya kafin a fara, sannan in riƙa gyara na gobe kowane dare idan akwai wuta da intanet.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba, na karɓi gyaranku, ƙaton ya shiga, kuma na ba shi aikin kare madugu a zango biyun farko kamar yadda kuka ce. Na ɗauki matashin a gurbi na bakwai, mai gudun kuma na rubuta shi a wani tseren kwana ɗaya da za a yi a tsakiyar makon, inda zan iya ba shi mutum biyu nasa na kansa. Malama, na duba agogon, tseren zai ƙare kafin canjin, amma duk da haka yau da dare zan cika dabarun duka.

Abu guda ya rage da nake son jin ra'ayinku a kai. Idan Allah ya sa muka fita daga zango na bakwai madugun yana tsakanin na huɗu da na shida, da tazarar da ba ta kai minti guda ba, shin in tura matashin cikin 'yan ɓallewa tun tudun farko na zango na takwas domin madugu ya same shi a gaba idan ya kai hari, ko in riƙe shi a gefensa har tudun ƙarshe?

Na Runjin Sambo:

Ya danganta da yawan mataimakan da suka rage wa mai rigar ɗorawa a daren Asabar, kuma wannan za ka gan shi a rahoton zango na bakwai idan ka duba su wa suka iso cikin minti biyar na farko. Idan mutum ɗaya ko biyu ne kawai suka rage masa, ka tura matashin gaba tun tudun farko, ka sa harin madugu a tudu na huɗu, domin gangaren da ke bayansa da ɗan filin da ke tsakaninsa da na biyar shi ne wurin da matashin zai ja shi ya buɗe tazara. Idan kuwa ƙungiyarsa na da huɗu masu sauran ƙarfi, za su kamo ku kafin tudun ƙarshe, don haka gara ka riƙe yaron kusa ka kare matsayin da kake da shi. Ka kawo mana rahoton a nan daren Asabar kafin a rufe, mu duba shi tare.