Tumatir na yaushi alhali ƙasa da danshi: in mayar da wurin attarugu?

Mai lambu, Dadin Kowa: Assalamu alaikum. Tumatir ya fara fure, sai ka ga tushe guda ya yi yaushi da rana, kwana biyu ya mutu ganyensa kore shar, ga ƙasa da danshi. An ce a tuge a dasa attarugu ko gauta a wurin. Hakan zai yi?

Malamin gona, Gombe: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai gwada wannan. Yanke karan da ya yi yaushi daga gindi, kamar tsawon yatsa, ka rataye bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ka motsa. Idan cikin minti 5 zuwa 10 ka ga wani farin zare kamar madara yana sauka daga yankan, ƙwayar cutar bakteriya ce ta toshe hanyar ruwan shukar. Babu feshin da ke warkar da ita, kada mai shago ya ci kuɗinka. In ruwan bai canza ba, duba saiwa: ƙulle-ƙulle a jikinta aikin ƙananan tsutsotsin ƙasa ne.

Attarugu kuwa a'a. Tumatir, attarugu, tattasai, gauta, yalo da dankalin Turawa duk 'yan gida ɗaya ne, har da taba, cutar ɗaya takan kama ɗaya. Ka sa masara, dawa ko albasa na aƙalla shekara 3. Gyaɗa ma ka bar ta, tana kamuwa duk da ba danginsu ba ce.

Dattijo daga Kwadon: Malamin gona ya gama magana, sai abu ɗaya: ruwa. A ban-ruwan fangali, wanda ya bi ta wurin mai cuta ya gangara na ƙasa, ya kai masa ita. Toshe bakin fangalin, ka tuge tushen da ƙasar gindinsa, ka fitar a buhu ka ƙone. Kada a jefa a magudana, kada a zuba a taki. Wuƙa da fartanya a tsoma a ruwan bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 9. Zaƙami da gautan kura na bakin lambu su ma dangi ne, a nome su.

Mai lambu, Dadin Kowa: Na gode, Baba. Dankalin Hausa fa?

Malamin gona, Gombe: Suna kawai suka haɗa da na Turawa, danginsa daban. Amma in ƙulle-ƙullen ka gani a saiwa, shi ma tsutsotsin suna cinsa, gara masarar.