Wai kowace haihuwa da haƙori ɗaya take tafiya?

Amarya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Cikina wata biyar, yau kwana huɗu turmin haƙorina na hagu ya hana ni barci, kuma ko aswaki na sa sai na ga jini a tofi. Surukata ta ce ba a taɓa haƙorin mai ciki, in daure sai na haihu, wai dama kowane ɗa da haƙorin uwa ɗaya yake zuwa.

Inna: Wagga magana gaskiya ta, ɗiyata. Ɗiya tara na haifa, haƙora huɗu suka tafi. Ɗa shi ka tsotse ƙarfin haƙori. Ki danna kanumfari wurin, ki yi haƙuri.

Anti mai aikin jinya: Inna, Allah ya ƙara girma, ba mai musun haƙoranki sun tafi, amma ba ɗiyanki suka cinye su ba. Kalsiyam ɗin da jariri ke gina ƙashi da shi daga abincin uwa yake samu, in bai isa ba jiki ya ɗebo daga ƙashinta, ba daga haƙori ba. Abin da ke faruwa, ciki na sauya sinadaran jiki, dasashi ya kumbura, abu kaɗan ya yi jini. Ga aman laulayi, tsaminsa na cin bayan haƙori. Ga kwaɗayin zaƙi dare da rana. Mace ta ga jini ta daina goge baki, to nan ɓarnar take farawa. Kanumfari na kwantar da zogi, ba ya toshe kogo.

Uwar 'yan biyu: Ni na bi shawarar daurewa. A wata na takwas kumatuna ya haye har idona ya rufe, ga zazzaɓi, ko kunu ba na iya sha. Ƙarshe dai sai da aka cire shi, ina jingine a gefen hagu don numfashi. Yaran nan ga su suna gudu a tsakar gida. Don Allah ƙanwata kada ki jira.

Yaya Babba: To allurar kashe zafin fa? Da hoton da suke ɗauka? Ni shi ne tsorona, kada a je neman gira a rasa ido.

Anti mai aikin jinya: Allurar dasashi ana yi wa mai ciki, Yaya, hoton haƙori ma in ya zama dole ana ɗauka. Ta dai faɗa musu watannin cikinta tun daga ƙofa. Wata huɗu zuwa shida ya fi sauƙin zama a kujerar, kuma nan take yanzu. Abin tsoron yana kemis: kafson tetracycline na ɓata launin haƙoran jariri tun yana ciki, ibuprofen kuma ba na mai tsohon ciki ba ne. Amarya, in kin yi amai ki kurkure da ruwa, ki bari kamar minti 30 kafin buroshi.

Inna: To na ji ta asibiti. Amma bayan haihuwa mi za ku ce? Mu da bakinmu muka tauna wa ɗiyanmu abinci.

Anti mai aikin jinya: Nan ma zan roƙe ki, Inna. Ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori daga yawun uwa suke komawa bakin yaro, ta tauna ko cokali ɗaya. Mu da ke da asibitin cutar noma, mai zaizaye baki da fuska, a cikin garin nan na Sakkwato tun 1999, mun san inda ciwon dasashin yaro mai yunwa ke iya kaiwa. Mai jego ta sha furarta da nono, ta goge baki safe da dare.

Amarya: Na nuna wa maigidan, ya ce Litinin mu je sashen haƙori na UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Inna, ke za ki yi wa surukata magana, ta fi jin taki.

Inna: Zan kira ta bayan la'asar.