Neman shawara: yaushe ake cewa "to read", yaushe kuma ake cewa "reading"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina shirin rubuta jarrabawar WAEC da ta JAMB, kuma akwai wani ɓangare na nahawun Turanci da ya ɗaure mini kai. Idan fi'ili biyu suka biyo juna a jimla, wani lokaci na biyun yakan zo da "to" a gabansa, kamar "I want to read", wani lokaci kuma ya zo da "ing" a ƙarshensa, kamar "I enjoy reading". Abin da ya ƙara rikita ni shi ne ƙarshen wasiƙa, inda nake ganin "I look forward to hearing from you", ga "to" ga kuma "ing" a wuri ɗaya. Shin akwai ƙa'idar da zan riƙe, ko kuwa sai hadda?

Wani ɗalibin jami'a: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da nake bi shi ne, idan aikin bai auku ba tukuna, wato buri ne ko niyya, sai a sa "to", shi ya sa want, hope, plan, decide da promise duk suke tafiya da shi. Idan kuwa aiki ne da ake cikin yi ko aka riga aka yi, sai a sa "ing", kamar bayan enjoy da finish.

Malama mai koyar da Turanci: Ɗan'uwa ya kawo abin da ke taimakawa, amma kada ki dogara da shi ɗari bisa ɗari a ɗakin jarrabawa, domin avoid, consider da suggest duk suna magana ne a kan abin da bai auku ba, kuma "ing" suke ɗauka: "She suggested going home". Gaskiyar magana ita ce kalmar da ta gabata ita ke zaɓar siffar wadda ke biye da ita, saboda haka ki riƙa koyon kowane fi'ili tare da abokin tafiyarsa, wato "refuse to do" da "deny doing", ba refuse ko deny su kaɗai ba. Ƙamus ɗin da aka rubuta domin masu koyon Turanci yana nuna wannan tsarin a ƙarƙashin kowane fi'ili.

Ƙa'idar da za ki iya riƙewa hankali kwance ita ce, bayan ƙananan kalmomi irin su in, on, at, of, for, about, without, before da after, siffar "ing" ce ke zuwa: "good at drawing", "without asking". A nan ne amsar wasiƙarki take. Ita "to" ɗin da ke cikin "look forward to" 'yar wannan rukuni ce, ba irin ta "want to read" ba. Hanyar gwaji kuwa mai sauƙi ce: ki sa suna a bayanta ki ji. Tunda ana iya cewa "I look forward to your reply", to fi'ilin da zai zauna a wannan gurbi dole ya zama "hearing". Haka "object to" da "be used to" suke. Ki lura dai, "I used to walk" na nufin a da nakan yi tafiya a ƙasa, "I am used to walking" kuma na nufin na saba da ita.

Wani dattijo, tsohon malamin sakandare: 'Yata, Malama ta gama magana, sai dai in ƙara miki wurin da masu tsara tambayoyi suke son ɗana tarko. Akwai fi'ilan da ke karɓar siffofin biyu ba tare da wani bambanci mai yawa ba, irin su begin, start da continue, waɗannan kada su dame ki. Masu haɗarin su ne waɗanda ma'anarsu ke juyawa. "He stopped smoking" shi ne ya daina shan taba, amma "He stopped to smoke" ya tsaya ne domin ya sha. "Remember to lock the door" tunatarwa ce kada a manta a kulle ƙofa, "I remember locking the door" kuwa mutum ne yake tuna cewa ya riga ya kulle. Haka forget, regret da try suke, don haka ki karanta jimlar gaba ɗaya kafin ki zaɓa.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri, Baba da Malama. Saura ɗaya: ina yawan jin ana cewa "He made me to cry". Daidai ne?

Malama mai koyar da Turanci: A jarrabawa za a soke shi, duk da yawan jin sa da kike yi a bakin mutane. Bayan make da let fi'ilin yakan zo tsurarsa ba tare da "to" ba: "He made me cry", "Let her go". Sai idan an juya jimlar ba a fara da mai aikin ba ne "to" take dawowa bayan make, a ce "I was made to cry". Enable kuma akasin haka ne, lallai sai da "to", don haka a takardar neman izini ki rubuta "to enable me to attend".