Neman kalmar Hausa: laburare ɗaya da zai yi aiki a kan masarrafai iri-iri

Malamar Kwamfuta, Tudun Wadan Gombe:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa ɗalibai yadda ake saka laburaren SQLite (ɓangaren manhaja da aka riga aka rubuta don sarrafa rumbun bayanai) cikin manhaja ta yi aiki a kowace waya, kuma gobe da la'asar takardar darasin za ta tafi wurin mai bugawa. Kalmomi biyu sun tsaya mini. Ta farko architecture, wato abin da ya raba masarrafan ARM da na x86. Ta biyu universal binary, inda haɗi guda ke ɗauke da kowane iri. Rumbun bayanai (database) da masarrafi (processor) kam mun saba da su.

Ɗan Bolari:
Wa alaikumus salam Malama. Ta farko ƙira ce. Yadda muke cewa mota ƙirar Toyota, sai ki ce masarrafi ƙirar ARM.

Injiniya na Yelwa:
Ƙanena, ƙira za ta sa yara su ɗauka ARM ne ke fitar da masarrafin da ke wayarsu. ARM tsarin umarnin yake bayarwa da lasisi, su MediaTek da Qualcomm da Apple su fitar da nasu a kai. Ni zubi nake gani: zubin ARM, zubin x86. A bar ƙira ga kamfanin da sunansa ke jiki.

Baba Mai Ƙamus, Bauchi:
Zubi ba laifi. Ta biyun kuwa ba ta buƙatar dogon nema: sha-kundum. Haɗin sha-kundum, shi ke nan. Amma Malama, mene ne kuma laburare? Muna da taska tun kaka da kakanni, ki ce taskar SQLite.

Malamar Kwamfuta:
Baba, ranka ya daɗe, na riga na ce rumbun bayanai. In na ƙara taska a jimla ɗaya ba za su gane wanne ke ajiye bayani, wanne ke sarrafa shi ba. Wannan bambancin kuwa shi ne rabin darasin.

Injiniya na Yelwa:
Gaskiyarki. Fayil ɗin da SQLite ke ajiye bayanai a ciki babu ruwansa da zubi, kina iya kwafe shi daga kwamfuta mai bit 64 zuwa waya mai bit 32 ya buɗe lafiya. Laburaren ne, da yake da harshen C aka rubuta shi, dole a harhaɗa shi daban ga kowane zubi. Android na zuwa da nasa SQLite, amma mai son ɓoye bayanai da SQLCipher shi zai ɗauko laburarensa, ya tanadi na armeabi-v7a da arm64-v8a da x86 da x86_64, kowanne a jakarsa cikin APK, fayil ɗin da ake saka manhajar Android da shi. In aka manta ɗaya, manhaja na iya mutuwa a kan waya mai wannan zubin da zarar ta nemi laburaren. A Mac kuma wata manhaja mai suna lipo ke manne su cikin fayil guda. Apple ya bi hanyar nan lokacin da ya sanar da barin masarrafan PowerPC zuwa na Intel a 2005, ya sake binta a 2020 da masarrafinsa M1.

Shi ya sa sha-kundum ba ta kwanta mini ba, Baba. Tana nuna abu ɗaya ne ke yi wa kowa aiki. Alhali buhu ɗaya ne aka aiko daga tasha, a ciki ƙulli-ƙulli, kowa ya ɗauki mai sunansa ya bar saura. Dalilin da fayil ɗin ke ƙara nauyi ke nan. Ƙunshi nake ba da shawara.

Baba Mai Ƙamus:
Ƙunshi na mata da lalle? Ku yaran nan kuna gudun kalma mai nauyi. Sha-kundum a bakin dattawa take, kuma in Turawa sun ce universal ai ba su tsaya ƙirga ƙulli ba.

Ɗan Pantami:
Ni fa ban ga amfanin wahalar nan ba. Sunan jakar arm64-v8a ne, saƙon kuskure da Turanci zai fito. Ranar da yaro zai nemi aiki ba wanda zai tambaye shi zubi.

Baba Mai Ƙamus:
Da irin tunaninka aka bi, da yau ba mu da jirgin sama ko na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kullum sai mun jira Kano ko gidajen rediyon ƙetare sun raɗa suna sannan mu karɓa? Bauchi da Gombe ba su da baki ne?

Ɗan Pantami:
Baba, ba raini ba ne. Amma na'ura mai ƙwaƙwalwar ma a kasuwa kwamfuta ake ce mata.

Ɗan Bolari:
Kuma kada a manta, cikin ɗaliban Malama akwai waɗanda Fulatanci ko Tangale ko Tera ne harshen gidansu. Kalmar da suke ji kullum a kasuwa ta fi musu sauƙi.

Malamar Kwamfuta:
Ɗan Pantami, sunayen jaka za su zauna yadda suke, ba zan taɓa su ba. Bayanin dalilinsu ne nake so ya shiga kai da harshen da yaro ke tunani da shi. Ga abin da zan kai bugu: zubi ga ta farko, laburare yana nan, ta biyu kuma ƙunshi mai zubi da yawa. Ta yi tsawo, amma ba ta ɓatar da ma'ana. Baba, zan faɗi sha-kundum da baki a aji, in ga wadda za su riƙe.

Baba Mai Ƙamus:
To, ajinki ne. Zubi na yarda. Ƙunshi ban yarda ba, laburare ma haka. Ki dawo mana da abin da suka ce ranar Asabar.